Tayoyi Uku a Bayan Taga

A unguwar Ɗan Iya, cikin garin Bauchi, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce 'yar fari a gidansu, shi ya sa Ummanta ba ta faɗin sunanta. Yaya take ce mata, kamar yadda ƙaninta Salihu yake faɗa. Da haka sunan ya bi ta har makaranta.

Babansu mai faci ne. Rumfarsa tana bakin titin da ya nufi Kasuwar Muda Lawal. Ya rasu a farkon bazara, bayan jinyar kwana tara. Da aka share makoki, abokin aikinsa Baba Job ya loda kayan marigayin a kura ya kawo gida. Da famfon iska, da akwatin ƙarafa, da tsofaffin tayoyi goma sha huɗu.

Aka jera tayoyin a tsakar gida, jikin katanga.

Kullum Yaya ta dawo daga makaranta, can take zuwa ta zauna. Ba ta yin komai. Idan rana ta dafa robar, wani wari yakan tashi. Mutane ba sa son warin nan. Ita kuwa a wurinta warin rigar Babanta ne, lokacin da yake shigowa da yamma yana cewa, "Ina mutanen gidan nan suka shiga?" A jikin wasu tayoyin akwai ɗan zagaye na farin alli, inda ya yi wa huda alama. Takan kai yatsanta kusa da shi. Ba ta taɓawa, don kada ya goge.

Ana nan sai damina ta faɗi.

Wata Laraba da la'asar aka yi sallama a zaure. Malam Abdulsalam ne, duba-garin unguwa, da kakinsa da littafinsa a hammata. Ya yi wa Umma gaisuwar rashi. Ya ce marigayin ne yake yi masa facin babur, kuma bai taɓa komawa da ƙorafi ba. Sannan idonsa ya faɗa kan tayoyin.

Ya ce, "Maman Salihu, maganar waɗannan ce ta kawo ni. An hana tara tsohuwar taya a fili. Ruwa yana kwanciya a cikinta, sauro ya samu gida."

Umma ta ce, "Dama mai babbakar kan saniya ya aiko, wai a ba shi ya riƙa hura wuta da su."

"Kada ki ba shi. Baƙin hayaƙin nan a ƙirjin mutane yake sauka, ya kuma shiga naman da za su ci. An hana ƙonawa. Kuma kada ki ba masu kura barkatai. Sai su kai bakin rafi su juye, kwata ta toshe, ruwa ya shigo mana gida. Ranar Asabar motar ofishinmu za ta zo. Direban yana da takarda, ki ce ya nuna miki. Akwai wurin da ake kai su a niƙa, a yi wani abin da su."

Salihu, ɗan shekara huɗu, ya leƙo daga bayan zanen Umma. Ya ce, "A niƙa su a yi tuwo?"

Malam Abdulsalam ya yi dariya. "In an yi, kai zan fara kawo wa, maigida."

Kowa ya yi dariya ban da Yaya.

Da baƙon ya fita, ta bi Umma kicin.

"Umma, kada a ba su."

"Kin ji abin da ya ce."

"Na Baba ne fa."

Umma ta ci gaba da tankaɗen garinta. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na san na waye. Je ki ɗebo mini ruwa."

Yaya ta ɗebo ruwan. Amma maganar ba ta sauka daga ranta ba. An raba rigunan Baba ga 'yan'uwa. An rushe rumfarsa, wani mai shayi ya kafa tasa a wurin. Idan motar nan ta kwashe tayoyin, me ya rage wanda hannunsa ya taɓa?

Ranar Juma'a Umma ta shiga maƙwabta yin barka. Yaya ta tashi da sauri. A bayan ɗakinsu akwai wani siririn lungu tsakanin bango da katanga. Ba mai shiga sai kaji. Ta zaɓi tayoyi uku, waɗanda allinsu ya fi fitowa. Ta gangara su ɗaya bayan ɗaya, ta jingina su a lungun, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin da suke kwana. Ta rufa musu tsohon buhu.

Tana juyowa ta ga Salihu tsaye, yana tsotsar yatsa.

Ya ce, "Zan faɗa."

"In ka faɗa, ba ni ƙara goya ka."

Ya yi tunani. "To, ba zan faɗa ba. Goya ni yanzu."

Ta goya shi.

Ranar Asabar mota ta zo. Direban ya nuna takardarsa. Shi da abokin aikinsa suka loda tayoyin, suka ɗaure da igiya, suka ja tamfol a kai. Umma tana ɗaki, ba ta fito ba. Ta ce Yaya ta tsaya a kansu.

Direban ya share gumi. Ya ce, "'Yan mata, shi ke nan? Ba saura?"

Yaya ta kau da kai. Ta ce, "Shi ke nan."

Mota ta tafi. Inda tayoyin suka zauna ya bar zagaye-zagaye a ƙasa, kamar an kife manyan kwanuka an ɗauke.

Yaya ba sakarya ba ce. Ta ji abin da duba-gari ya ce game da ruwa, kuma ta yi dabararta. Duk ranar da aka yi ruwan sama, takan zagaya lungun kafin ta tafi makaranta. Ta ɗage buhun. Ta karkata kowace taya, ruwa ya zubo a ƙafarta. Ta mayar ta jingina. Ta ce a ranta, "To ina ruwan yake? Ai na zubar."

Haka ta yi ta yi, sati ɗaya, sati biyu, har wata ya kusa cika.

Sai sauro ya yi yawa a gidan. Da rana ta yi sanyi sai ya fara fitowa. Idan sun zauna a tabarma cin abincin yamma, hannu ɗaya yana kwano, ɗaya yana marin ƙafa.

Umma ta ce, "Ikon Allah. Na share kwata, na kife tukwane, an kwashe tayoyi. Daga ina sauron nan yake?"

Yaya ta sunkuyar da kai tana cin tuwonta. Ba ta zargi tayoyinta ba. Ai tana zubar da ruwan.

Wata safiya Salihu ya ƙi tashi. Umma ta taɓa goshinsa, ta janye hannu da sauri. Jikinsa ya yi zafi rau. Aka ba shi koko ya amayar. Yaron da ba ya barin kowa ya huta da surutu, ga shi kwance shiru, idanunsa rabi a buɗe.

Suka tari keke zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Aka soki yatsansa aka gwada jini. Nas ɗin ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya kama shi sosai. Ta yi masa allura, ta ba da magani, ta ce a dawo da shi gobe da jibi.

Ta tambayi Umma, "Yana kwana a gidan sauro?"

"Kullum."

"Akwai ruwa kwance a kusa da ku?"

Umma ta ce, "Babu. Gidana a bushe yake."

A hanyar dawowa Umma ta rungume Salihu a ƙirji. Yaya ta ga leɓunanta suna motsi, tana addu'a. Rabon da ta ga fuskar Umma haka tun kwanakin jinyar Baba. Sai tsoro ya shige ta.

Washegari Umma ta ce wa Yaya ta tafi makaranta, zamanta a gida ba zai ƙara komai ba. Ta tafi, amma hankalinta yana gida.

Bayan hutun tara, malamar kiwon lafiya, Malama Matta, ta shigo aji tana gangaro da wata tsohuwar tayar keke, da buta a ɗaya hannun. Yara suka hau dariya.

Ta ce, "Ku yi dariyarku ku gama. Yau taya ce za ta koyar da ku, ni hutawa zan yi."

Ta juye ruwan butar a cikin tayar. Ta ce, "Wa ya fi kowa ƙarfi a ajin nan?"

Aka ce, "Irmiya!"

Irmiya ya fito yana buɗa kafaɗa.

"To, Irmiya, zubar mini da ruwan nan tas. Ban da sa tsumma, ban da sa hannu a ciki."

Irmiya ya karkata tayar. Ruwa kaɗan ya zubo. Ya kife ta. Ya ɗaga ta sama ya girgiza. Ya mirgina ta har bakin ƙofa ya dawo. Ya ce, "Na gama, Malama."

"Leƙa ciki."

Ya leƙa. Ya sake juyawa, ya sake leƙawa. "Malama, ruwan nan gudu yake yi! In na juya nan, sai ya koma can!"

Aji ya kaure da dariya.

Malama Matta ta ce, "Haka taya take. Bakinta ya lanƙwasa ciki. Duk yadda ka juya ta, ruwa zai bi cikinta ya zagaya ya kwanta a ƙasa. Za ka ga ya zubo, ka ɗauka ya ƙare. Bai ƙare ba. Wanda ya rage ya ishi sauro."

Sai ta ciro wata kwalba daga jakarta, ta ɗaga ta wajen haske. A cikin ruwan akwai ƙananan abubuwa baƙaƙe suna wutsil-wutsil.

"Waɗannan 'ya'yan sauro ne. Jiya na ɗebo su a cikin wata taya a hanyar gidanmu. Nan da 'yan kwanaki za su yi fiffike."

Yara suka matso suna leƙe, suna cewa "Kai!" Yaya ba ta tashi ba.

Ana tashi ta sheƙa gida. Ba ta ko cire jakarta ba ta shiga lungun. Ta samu wani gwangwanin madara, ta zura hannu can cikin tayar farko, ta kamfato. Ta fito da shi rana.

Ga su nan. Sun fi na kwalbar Malama yawa.

Ta ɗaga kai. Tagar ɗakinsu tana nan a saman kanta, a buɗe. Tana jin numfashin Salihu daga ciki.

Ta tsaya da gwangwanin a hannu. Tana iya kwashe ruwan da tsumma, ta yi shiru, ba wanda zai sani. Amma gobe ma za a yi ruwa. Jibi ma haka.

Ta shiga ɗaki. Umma tana zaune a bakin katifa tana goga wa Salihu jiƙaƙƙen tawul. Yaya ta durƙusa, ta ajiye gwangwanin a gabanta.

Umma ta duba. "Mene ne wannan?"

"'Ya'yan sauro ne, Umma. A tayoyin Baba. Na ɓoye guda uku a lungu. Na ce wa direban ba saura." Ta share hawaye. "Kullum ina zubar da ruwan. Wallahi ina zubarwa. Ban san ba ya fita duka ba. Ni na sa wa Salihu ciwo."

Umma ta janye hannunta daga jikin Salihu. Ta matse tawul ɗin a kwano. Ta shimfiɗa shi a goshin yaron. Sannan ta ce, "Matso nan."

Yaya ta matso.

"Wane sauro ne ya cije shi, Allah ne ya sani. Kada ki ɗora wa kanki abin da ba ki da tabbas. Amma kin yi ƙarya. Kuma kin bar ni na tsaya gaban nas na ce gidana a bushe yake."

"Ki yafe mini, Umma."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa. Kika ce in ɗebo ruwa."

Umma ta rufe ido. Da ta buɗe, sun cika da hawaye. Ta ce, "Haka ne. Haka na ce. Ranar nan ba zan iya maganar ba, shi ya sa na kore ki. Kin san abin da ya hana ni fitowa ranar da mota ta zo? Ba zan iya kallon ana ɗaukar su ba. Ba ke kaɗai kike kewarsa ba, Yaya."

Suka zauna haka, kan Yaya a cinyar Umma. Can sai wata 'yar ƙaramar murya ta ce, "Ni ban faɗa ba."

Salihu ne, ido ɗaya a buɗe.

Umma ta yi dariya tana share fuska. "Au, har da kai a ciki?"

"Goya ni aka yi."

Umma ta ce wa Yaya, "Tashi ki wanke fuska. Ki je ki kira Baba Job. In kin dawo kuma, ke da bakinki za ki je ki gaya wa duba-gari. Ba zan tafi miki ba."

Baba Job ya zo da yamma da wata wuƙa mai lanƙwasa da guduma. Ya fito da tayoyin tsakar gida. Ya saurari labarin duka yana gyaɗa kai.

Ya ce, "'Yar abokina, da kin tambaye ni. Shekara goma sha biyu muna rumfa ɗaya da babanki. Da ya ga hadarin farko, abin da yake fara yi ke nan. Duk tayar da ta mutu sai ya huda mata ciki, wuri huɗu, ya jera a ƙarƙashin rufin kwano. In na yi lalaci da nawa, har faɗa yake mini. Ya ce, 'Job, sauronka ba ya tambayar addini, ni ma cizona zai yi.' Waɗannan bai kai ga huda su ba ne. Damina ba ta same shi ba."

Yaya ta dubi tayoyin. Ba ta taɓa sanin wannan game da Babanta ba.

Ta ce, "Koya mini."

Ya riƙe mata wuƙar, ta buga guduma. Robar tana da tauri. Sai da ta buga sau shida kafin ta huda. Baƙin ruwa ya tsiyayo, ƙasa ta shanye shi.

Zuwa wurin duba-gari ya fi bugun guduma wuya. Ta same shi a ƙofar ofis yana goge babur. Ta gaishe shi. Ta faɗi abin da ta yi tun daga farko, idonta a ƙasa.

Malam Abdulsalam bai yi mata tsawa ba, amma bai yi murmushi ba. Ya ce, "Kin san sauron lungunku bai san katanga ba? Maƙwabtanku suna da jariri."

"Na sani. Na yi kuskure."

"Ranar Asabar mota za ta sake zagayowa. Ke za ki tsaya ki miƙa su, ki kuma ba direban haƙuri."

"To." Ta ɗago kai. "Malam, babu yadda za a yi in riƙe ko guda ɗaya?"

Ya dube ta. "Da tun ranar farko kika yi wannan tambayar, da ba mu zo nan ba. Akwai. Tayar da aka huda, aka kwantar, aka cika da ƙasa har baki, ba shara ba ce. Ba inda ruwa zai zauna. Ki riƙe ɗaya. Zan zo in duba da idona."

Yaya ta ji kamar an sauke mata tulu daga ka.

Ranar Asabar ta miƙa tayoyi biyu, ta ba direban haƙuri. Ya ce ya wuce. Ta ukun kuma suka kwantar da ita a tsakar gida, inda rana take samu. Yaya ta yi ta ɗebo ƙasa a bokiti. Umma tana dannawa da hannu, tana tura ta har cikin lanƙwasar, don kada a bar rami ko kaɗan.

Salihu ya warke. Yana zaune a kan turmi da kwanon fate a cinya, karo na biyu ke nan da aka ƙara masa.

Umma ta ce, "To, me za mu shuka?"

Salihu ya ce, "Tsire."

"Ba a shuka tsire."

"To, alewa."

Suka yi dariya har Umma ta zauna a ƙasa. A ƙarshe suka shuka alayyahu. Bayan kwana biyar ya tsiro. Sauro kuma ya ragu, har suka koma cin abincin yamma ba tare da marin ƙafa ba.

Tun daga ranar Yaya ta riƙe darasinta. Tsohuwar taya ba a barin ta a fili, ba a ƙona ta, ba a jefa ta a kwata. Ana miƙa ta ga waɗanda aka ɗora wa aikin kwashe ta. Ta kuma gane cewa idan doka ta yi maka nauyi, ba ɓoyewa za ka yi ba, kuma ba ƙarya za ka yi ba. Ka je ka faɗi damuwarka, ka tambaya. In ba a saurare ka ran farko ba, ka sake faɗa. Sau da yawa akwai hanyar da za ka riƙe abin da kake ƙauna ba tare da ka cutar da waɗanda suke kwana a gefenka ba.